Masoya Na Mutuwa a Dandali, Iyaye Na Kallo: Wasan Soyayya Mai Ƙarewa da Kuka a Abuja

A ƙarshen wasan Romiyo da Juliyet akwai ɗan wani taƙi da bai wuce minti biyu ba, wanda a cikinsa ake gane ko 'yan wasa sun ci kuɗinsu. An rage fitilu. Yarinya na kwance a kan dakali cikin hubbaren gidansu. Saurayi ya durƙusa a gefenta, 'yar kwalbar guba a hannunsa. Duk wanda ke zauren ya san yarinyar da ranta, maganin barci ta sha, saura ƙiris ta farka. Shi kaɗai ne bai sani ba.

A zauren kallo na Najeriya da wuya wannan taƙi ya wuce shiru. Wata uwa za ta dafe ƙirji ta yi salati. Wani daga kujerun baya zai ɗaga murya ya ce kada ya sha. Saurayin kuwa sai ya ɗaga kwalbar ya shanye, domin haka aka rubuta tun fiye da shekara 400.

Wannan ihu na ɗan kallo shi ne ribar wasan dandali. A fim, mai kallo ya san an gama komai tun bara, an tace, an adana. A dandali kuwa ga mutum nan tsaye da numfashinsa, taku goma tsakaninku, har zuciya ta raya maka cewa in ka yi magana zai ji.

Irin wannan dare yana samuwa a Abuja, amma jefi-jefi, a zauren haya, da tsada, kuma kusan kullum da Turanci. Bahaushen da ke Mararaba ko Dei-Dei, wanda labarin ya fi kama da abin da ke faruwa a unguwarsu, shi ne ya fi kowa nisa da ƙofar zauren.

Labarin da ya ƙi tsufa

William Shakespeare ya rubuta wasan a tsakiyar shekarun 1590, aka fara buga shi a 1597. Ba shi ya ƙagi labarin ba. Ya tsinto shi ne daga wata doguwar waƙa da Arthur Brooke ya wallafa a 1562, wadda ita ma daga labaran Italiya ta samo tushe.

A birnin Verona gidaje biyu, Montague da Capulet, sun gaji gaba tun kaka da kakanni, har ba mai tuna mafarinta. Ɗan wannan gida ya ga 'yar wancan a wajen walima, so ya kama su. Wani limamin coci mai suna Laurence ya ɗaura musu aure a ɓoye, da fatan auren zai kashe gabar. Kafin rana ta faɗi Romiyo ya kashe Tybalt, ɗan'uwan amaryarsa, don rama kisan abokinsa Mercutio, aka kore shi zuwa Mantua.

Duk abin bai kai mako guda ba, amma ya ci rai shida. Yarinyar kuma ba ta cika shekara 14 ba.

Wurin da ya fi taɓa mai kallo Bahaushe yana tsakiyar wasan. Uban Juliyet, wanda da farko ya ce wa mai neman aurenta, Paris, ya dakata shekara biyu ta ƙara girma, sai ya juya ya tsayar da ranar Alhamis. Da ta roƙe shi a ɗaga, ya zage ta tas, ya ce ko ta bi umarni ko ta bar masa gida. Uwarta ta juya mata baya. Matar da ta raine ta tun tana jaririya ta ce ta haƙura ta auri wanda aka ba ta. Daga nan ne yarinyar ta nufi maganin da ya kai ta hubbare.

Wanda ya taɓa zama a tsakar gidan da ake rikicin auren dole ya san kowace fuska a wannan fitowa.

Mu ma muna da namu

Tun kafin Shakespeare ya shigo makarantun boko, malamai da almajirai a ƙasar Hausa sun san Majnunu Laila. Ƙaisu ɗan Mulawwah ya so Laila, ya yi ta ambaton sunanta a waƙa har ubanta ya ga an tozarta shi, ya hana shi ita, ya aurar da ita ga wani. Ƙaisu ya shiga daji, hankali ya gushe. Mawaƙin Farisa Nizami ya tsara labarin a 1188, kusan shekara 400 kafin na Verona. Har yau in so ya zautar da yaro, Majnunu ake kiransa.

A rubutun boko ma da irin wannan labari aka fara. Jiki Magayi, na John Tafida da Rupert East, wanda ya fito a 1934, labarin Abubakar ne da Zainab, da attajiri Malam Shehu da ya raba su da ƙarfin dukiya, da ramuwar gayyar da ta faɗa kan ɗan da aka haifa a wannan aure. A 1991 Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna, inda talaucin Muhammad ya zama katanga tsakaninsa da Sumayya, littafin da ya zaga gidaje har ya tayar da muhawara.

Daga kudu kuma akwai Wedlock of the Gods na Zulu Sofola, mace ta farko a Najeriya da aka buga wasan kwaikwayonta, wadda ta koyar a Jami'ar Ilorin har rasuwarta a 1995. An aurar da Ogwoma ga wanda ba ta so, don a sami kuɗin jinyar ɗan'uwanta. Mijin ya mutu. Kafin ta fita takaba ta koma wa masoyinta Uloko, ta yi ciki. Uwar mijin, Odibei, ta yi mata asiri ta sha guba. Uloko ya kashe tsohuwar, shi ma ya bi masoyiyarsa. Tun fitowarsa a farkon shekarun 1970 ɗaliban wasan kwaikwayo a jami'o'in ƙasar nan suke ɗora shi a dandali.

Hatta mutumin da aka sa wa babbar cibiyar al'adu ta Abuja sunansa, Cyprian Ekwensi, haifaffen Minna, ya bar mana irin wannan labari. The Passport of Mallam Ilia na 1960 a ƙasar Hausa ya kafa shi: Iliya ya sami Zara a fagen shanci, ya rasa ta ta sanadin Usumanu, ya ƙarar da rayuwarsa yana farautar fansa.

A yawancin waɗannan labarai masoya ne ke mutuwa ko su lalace, amma igiyar tana hannun manya: uba mai kare girma, uwa mai tsoron baki, dangi masu lissafin dukiya. Shi ya sa irin wannan wasa ya fi kama da ƙara da aka shigar, 'yan kallo kuma su ne dangin da aka kira su saurara.

Babban birni, ba dandali

An yanke shawarar gina Abuja a 1976 zamanin Janar Murtala Muhammed, gwamnati ta tare a ranar 12 ga Disamba 1991. Ma'aikatu sun taso daga Legas, amma babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa, wanda aka gina a Iganmu domin bikin FESTAC na 1977, yana can inda yake. A 2024 aka sa masa sunan Wole Soyinka.

An yi niyyar cike wannan giɓi. Ginin Millennium Tower da aka fara a tsakiyar birnin a 2006 an tsara shi ne tare da babbar cibiyar al'adu. Shekaru sun shuɗe, hasumiyar na tsaye, aikin bai kammala ba.

Abin da ya rage wa masu wasa shi ne cibiyar Cyprian Ekwensi da ke Area 10 a Garki, da zaurukan taro irin na Cibiyar Shehu Musa 'Yar'aduwa da na manyan otal-otal, da ɗakunan cibiyoyin al'adun ƙasashen waje kamar na Faransa da Koriya ta Kudu. Sai sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Abuja, inda ɗalibai ke yi don jarrabawa.

Duk da haka akwai waɗanda suka ƙi sakin sana'ar. Ƙungiyar Arojah Royal Theatre ta Jerry Adesewo ta daɗe tana wasa a birnin. Jos Repertory Theatre, wadda Patrick-Jude Oteh ya kafa a 1997, takan sauko daga Jos da wasanninta. A 2022 an nuna wasan Emir Sanusi na Farfesa Ahmed Yerima a Abuja, abin da ya nuna cewa in labari ya shafi Arewa, 'yan Arewa na fitowa kallo.

Zauren taro dai zauren taro ne. An gina shi don mai jawabi ya tsaya a bayan makirfo. Ba wurin rataye fitilu, ba ɗakin sauya kaya, ba ƙofar da ɗan wasa zai ɓace ta ciki. Kowace ƙungiya sai ta yi hayar fitilu da lasifika, ta kafa da rana, ta kwashe da dare. Ga kuɗin zaure, ga man janareta, wanda ya ƙara tsada tun cire tallafin mai a 2023.

Duk wannan a kan tikiti yake sauka. Na manyan wasanni a otal yakan kai dubban naira masu yawa, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. In an tashi ƙarfe tara na dare, mai komawa Nyanya ko Kubwa ko Suleja sai ya yi tunanin mota da tsoron 'yan wan-cans. Ƙarshenta wasan da aka yi wata biyu ana gwajinsa, kwana biyu ake nuna shi a naɗe tabarma.

Abin da mai sharhi ke dubawa

Wasan da ya rayu kwana biyu, in ba a rubuta komai a kansa ba, ya tafi ke nan. Fim yana nan a waya, littafi yana kan kanta, amma wasan dandali ba ya barin sawu sai a zuciyar wanda ya gani da alƙalamin wanda ya yi sharhi. Jaridunmu na Hausa suna ba Kannywood shafuka, abin da ya dace, sai dai da wuya ka ga an zauna an feɗe wasan dandali.

Sharhi na gaskiya ya wuce a jero sunayen manyan baƙi a ce wasa ya ƙayatar. Abu na farko da mai sharhi zai saurara shi ne harshe. Turancin Shakespeare ko Bature sai ya yi da gaske. In ɗan wasa ya haddace baitoci bai san ma'anarsu ba, za ka ji yana rera su kamar karatun allo na wanda bai kai ga fassara ba. In ya fahimta, ko ɗan kallo bai gane kowace kalma ba, zai gane zafin da ke cikinta.

Na biyu shi ne gudun wasa. Wannan labari na gaggawa ne: an haɗu Lahadi, an ɗaura aure Litinin, kafin Juma'a an yi jana'iza. Daraktan da ya bari ana jan ƙafa, ana kashe fitila minti uku don sauya kujeru, ya kashe wasan tun kafin guba ta kashe kowa.

Na uku shi ne manya. Masu shirya wasa kan zuba ƙarfinsu wajen neman kyakkyawan saurayi da kyakkyawar budurwa, su bar matsayin uba ga duk wanda ya samu. Kuskure ne babba. In aka mai da uban Juliyet dodo mai hargowa kawai, kowane uba a zauren zai ce ai ni ba haka nake ba. In aka nuna shi mutum mai son 'yarsa, wanda ya yi imani gata yake yi mata, a nan ne jikin mutane zai yi sanyi.

Na huɗu shi ne dariya. Sananne ne cewa 'yan kallo a ƙasar nan kan fashe da dariya a wurin mutuwa. Wani lokaci laifin ɗan wasa ne da ya faɗi yana shure-shure fiye da kima. Wani lokaci kuma dariyar ta kunya ce, ta mutanen da abin ya zo musu kusa har suka rasa inda za su sa fuska. Aikin mai sharhi ne ya bambance su.

In da za a yi shi da Hausa

Shakespeare ba baƙo ba ne a Hausa. Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da Twelfth Night zuwa Daren Sha Biyu a 1971, Ɗahiru Idris kuma ya mayar da The Merchant of Venice zuwa Matsolon Attajiri. Dandali ma ba baƙo ba ne. Akwai tashe da wasan gauta tun da can, akwai Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Mohammed Sada, da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya an gina dandalin wasa da jar ƙasa, da fasalin gidan Bahaushe, tun tsakiyar shekarun 1970. A Damagaram ta Nijar su Yazi Dogo sun cika fili da jama'a. Kannywood kanta daga ƙungiyoyin dandali ta tsiro: Tumbin Giwa ta Kano ce ta yi Turmin Danya a 1990.

Wasu sassan wasan Verona za su shigo Hausa ba tare da wahala ba. Fitowar da Romiyo ke tsaye a ƙasa Juliyet na bisa bene, zance ne a ƙofar gida, wanda ake aika yaro ya yi sallama da yarinya, ana magana ana waiwayen zaure. Mai rainon Juliyet ita ce gwaggo ko yaya mai kai saƙo. Gabar gidaje biyu kuwa ba sai an je nesa ba: rikicin gona, rikicin sarauta, bambancin aƙida, ko ƙyamar da har yau wasu gidaje ke yi wa auren ɗan mahauta ko ɗan makaɗa.

Akwai kuma inda labarin zai turje. Auren ɓoye da limamin coci ya ɗaura ba ya da gurbi a fiƙihun Malikiyya. Ba waliyyi, ba shaidu, ba aure. Marubucin da ya cire limamin coci ya dasa malamin zaure a wurinsa, 'yan kallo za su ƙaryata shi nan take. Dole ya sake gini: wataƙila kawu ko baffa da ya karɓi sadaki ba da sanin uba ba, ko ƙara gaban alƙali. Haka rungumar da ke cikin wasan ba za ta yiwu ba, kuma rashinta ba asara ba ce. Majnunu da Laila sun girgiza duniya da tazarar da ke tsakaninsu. Ɗan wasan da ya iya tsayuwa taku uku daga masoyiyarsa, murya na rawa, ya fi mai runguma isar da saƙo.

Masu ja da masu goyon baya

Akwai iyaye da malamai da ke ɗari-ɗari da irin wannan wasa, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. Kashe kai babban zunubi ne a Musulunci. Suna tsoron a ƙawata shi da fitila da kiɗa har yarinyar da ke cikin ƙunci ta ɗauka mafita ce, musamman a lokacin da ake yawan jin labarin matasa na shan fiya-fiya saboda soyayya. Suna kuma ganin wasan na koya wa yara raina zaɓin iyaye, alhali abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Irin wannan damuwa ce ta sa aka kafa hukumar tace finafinai ta Kano a 2001, ita ce kuma ta tsayar da shirin gina alƙaryar fim a Kofa a 2016.

Masu wasa na amsawa da cewa a duba yadda labarin ya ƙare. Ba a tashi da kiɗan biki ba. An tashi ne da tsofaffi biyu tsaye a kan gawarwakin 'ya'yansu, suna musabaha a lokacin da ba ta da sauran amfani ga waɗanda suka mutu, suna alkawarin gina musu gumakan zinariya. Ihu ne bayan hari. Wasan bai wanke yaran ba, ya nuna gaggawarsu da wautarsu, ta yaro kyau take ba ta ƙarko. Amma ya nuna wanda ya toshe musu kowace ƙofa.

Addinin kansa bai yi shiru a kan wannan ba. Ya tabbata a Sahihul Bukhari cewa Khansa'u bint Khidam ta kai kuka wurin Manzon Allah (SAW) cewa ubanta ya aurar da ita ba da sonta ba, aka warware auren. A nan ne kuma labarin Mugisu yake, wanda ke bin Barira a titunan Madina hawaye na zuba a gemunsa, Annabi ya yi masa ceto a wurinta, da ta ce ba ta so, ba a tilasta ta ba. Marubucin Hausa da ya san waɗannan yana da abin da zai tsaya a kai, ya rubuta wasan da zai sa uba kuka ba tare da ya yabi guba ba.

Ɓangare na uku su ne matasa da ke cewa zamanin dandali ya wuce, komai na waya. Gaskiya ne waya ta fi sauƙi da araha. Sai dai kowa shi kaɗai yake kallon wayarsa. Yarinya na kallon nata a ɗaki, uba na sauraron nasa a zaure. Dandali ne kaɗai ke zaunar da su a jere, su ga abu ɗaya a lokaci ɗaya, su koma gida a mota ɗaya.

Abin da ya rage

A 2023 Najeriya ta kafa ma'aikatar da aka ware wa fasaha da al'adu da tattalin arzikin ƙirƙira, aka ba Hannatu Musawa, 'yar Katsina, riƙonta. Babbar buƙatar masu wasa a Abuja ba ta kai girman hasumiya ba: zaure mai kujeru ɗari biyu ko uku, da fitilunsa a kafe, da haya mai sauƙi, inda wasa zai yi wata guda ana nuna shi har labarinsa ya kai kunnen mutane.

Kafin a samu, hanya a buɗe take. A Landan ta zamanin Shakespeare da rana tsaka ake wasa, ba fitila, talaka na biyan kobo guda ya tsaya a gaban dandali. Filin makarantar firamare a Karu ko Gwagwalada, bayan la'asar ranar Asabar, ya ishi ƙungiyar da ke da labari mai kyau da Hausa mai daɗi. Jaridu da gidajen rediyon Hausa da ke da ofisoshi a Abuja kuma su tura wakili ya zauna daga farko har ƙarshe, ya rubuta abin da ya gani, ya yaba inda aka yi daidai, ya gyara inda aka kauce.

Mutumin nan da ya yi ihu daga kujerun baya bai ceci Romiyo ba, ba kuma wanda zai taɓa cetonsa. Amma yana da 'ya a gida, ko ƙanwa, ko 'yar wa, wadda wata rana za a zauna a kan maganar aurenta, a tambaye shi ra'ayinsa. A wannan zama muryarsa za ta yi aiki, tun ba a tsayar da rana ba.